Daga Tashkent zuwa Khiva: bin sawun masu lissafi a watan azumi

Niyya biyu ce ta haɗa ni da kawuna a jirgi ɗaya zuwa Uzbekistan a watan Maris na 2024. Shi ƙasar Imamu Bukhari yake son ziyarta tun ƙafa ba ta gaza ba. Ni kuwa, da yake lissafi nake koyarwa a sakandare, so nake 14 ga Maris, ranar da UNESCO ta ware wa lissafi a duk duniya, ta riske ni a Samarkand, domin a shekarar ne risalar da Jamshid Alkashi ya rubuta a birnin kan kewayen da'ira take cika shekara 600. Kawu ya daɗe yana raba wa mutane gado, ya san sudusi da sumuni kamar yunwar cikinsa, amma bai taɓa yarda cewa sana'arsa da tawa dangi ba ne. Nasa ilimi ne, nawa kuma "wasan x da y".

Zirga-zirgar neman biza ba abin ba da labari ba ce. Mun yada zango a Santanbul, daga nan jirgi ya ɗauke mu kusan awa biyar, muka sauka Tashkent kafin asuba. Jami'in shige da fice ya juya fasfo ɗina gaba da baya, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce Ulug Beg, sarkinsu na dā mai ilimin taurari. Ya ɗago ya dube ni, ya buga hatimi.

Sanyin da ya tarbe mu a ƙofar filin jirgi ba irin wanda muka yi wa shiri ba ne. Kawu ya naɗe rawaninsa har hanci, ni kuma na sa riguna uku a kan juna. Da gari ya waye muka hango duwatsu can nesa, kawunansu fari fat da dusar ƙanƙara. Mun canza dala 100 aka miƙo mana som miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da wani abu, domin a lokacin dala ɗaya ta haura som 12,000. Kawu ya ƙirga takardun sau biyu ya ce bai taɓa zaton a tsufansa zai zama miloniya ba. A masauki aka karɓi fasfo ɗinmu aka yi mana rajista, aka ce kowane otal zai ba mu 'yar takardar shaidar kwana, mu adana su har ranar fita. Dokar ƙasar ce ga baƙi.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tashkent tun 1977 yake aiki, kuma som 2,000 muka biya kowa. Ana duba jaka a bakin shiga. Har zuwa 2018 haramun ne a ɗauki hoto a ciki, yanzu kuwa baƙi sun mayar da tashoshin wurin yawon ido. A tashar Kosmonavtlar, wadda aka ƙawata don tunawa da 'yan sama jannati, an jera hotuna a bango cikin da'ira-da'ira. Ga Yuri Gagarin, ga Valentina Tereshkova, sai kuma ga wani mai rawani a cikinsu: Ulug Beg, sarkin Samarkand na ƙarni na 15. Wanda ya tsara tashar ya ga dacewar a sa mai auna taurari da ido a sahu ɗaya da waɗanda suka je sama da kumbo, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Harshe ne ya fi ba mu wuya. Uzbekanci da Rashanci ake yi, Turanci sai a bakin matasa, Larabcin Kawu kuma sai a masallaci yake ci. Amma a kasuwar Chorsu, ƙarƙashin katuwar ƙubbarta mai launin shuɗi, ciniki bai tsaya ba. Mai busasshen inabi ya danna farashi a kalkuleta ya juyo mini da ita, na goge na danna nawa, ya dafe ƙirji ya sake danna wani. Ba mu fahimci kalmar juna ko ɗaya ba, muka daidaita. Waɗannan alƙaluma goma da muka yi magana da su daga Indiya suka taso, wani ɗan wannan ƙasa, Alkawarizmi, ya rubuta littafi a kansu a Bagadaza, Turawa suka fassara shi zuwa Latin, daga nan suka zagaye duniya.

Ranar jajibirin azumi muka je wani katafaren gidan abinci kusa da hasumiyar talabijin don cin palov, abincin da suke ji da shi. A manyan tukwanen ƙarfe ake dafa shi a kan itace: shinkafa da rawayan karas da naman rago da kitse, a watsa wake da busasshen inabi. Kafin la'asar ya ƙare, wanda ya makara sai gobe. A gefen faranti aka ɗora wasu yankakkun nama masu duhu. Kawu ya tambaya da hannu, mai kawo abincin ya kwaikwayi sukuwa. Naman doki ne. Kawu ya tura su gefena ba tare da ya ce uffan ba, ni ma na tura su gaba.

Litinin 11 ga Maris aka tashi da azumi. Na tuna wa Kawu rangwamen matafiyi, ya ce a wannan sanyi wanda ya sha azumi ba shi da hujja sai kwaɗayi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne alƙibla. Duk rayuwarsa gabas yake fuskanta, sai ga shi alamar da ke rufin ɗaki tana nuna kudu maso yamma. Bai yarda da ita ba, bai yarda da wayata ba, sai da ya shiga masallaci ya ga mihirabi. Na ce, "Kawu, ai wannan ma lissafi ne. Makka tana wuri ɗaya, duniya kuma dunƙulalliya ce, dole a auna kusurwa." Ya ce, "Kai dai ɗan nan, ko tari mutum ya yi sai ka ce lissafi ne."

Jirgin ƙasa mai gudu da suke kira Afrosiyob, ƙirar Sifaniya, shi ya kai mu Samarkand. Sama da kilomita 300 cikin awa biyu da 'yan mintuna, a kan kuɗin da bai kai dala 25 ba. Sai an nuna fasfo da tikiti kafin a shiga harabar tasha, kaya kuma su bi ta na'ura. An raba shayi da ɗan burodi, muka sa namu a jaka.

Washegari muka fara da buƙatar Kawu. Makwancin Imamu Bukhari yana wani ƙauye a arewacin birnin, tafiyar kamar rabin awa a mota. Mun tarar ana ta babban aikin gini, ƙura da injina ko'ina. Kawu ya yi addu'arsa daga inda aka ba da dama, ya daɗe a tsaye, kuma a hanyar dawowa bai yi magana ba.

Dandalin Registan makarantu uku ne suke kallon juna. Ta hannun hagu ita ce mafi tsufa, Ulug Beg ya gina ta tsakanin 1417 da 1420, sauran biyun sai bayan shekara ɗari biyu. An rufe bangayen da tayil, taurari masu tsini biyar da takwas da goma suna shiga cikin juna ba tare da an bar giɓi ko an hau wani ba. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin shimfiɗa siffa mai gefe biyar da kusurwa biyar daidai-wa-daida ya san ba ta rufe fili ita kaɗai, sai an haɗa ta da wasu siffofi da aka auna kusurwarsu daidai. Maginan nan da igiya da kamfas suka yi. Baƙi a wuraren nan sun fi 'yan ƙasa biyan kuɗin shiga, kuma an rubuta hakan ƙarara a allo.

Alhamis 14 ga Maris muka hau tudun da ke gefen gari, inda gidan duban taurarin yake. Wanda ya zo da tsammanin ganin dogon gini zai koma da takaici. Ginin asali zagayayye ne, hawa uku, tsayinsa kusan mita 30, amma babu shi. Abin da ya rage rami ne siriri da ya nutsa cikin dutse, a cikinsa layi biyu na marmara sun lanƙwasa sun yi ƙasa, da matakala a tsakani. Gutsuren katuwar da'ira ce wadda daga tsakiyarta zuwa bakinta mita 40 ne. Kawu ya leƙa ya ce, "Wannan ramin muka biya kuɗin jirgi mu gani?"

Na yi masa bayanin dalilin girman. A zamanin babu madubin hangen nesa, sai 1608 aka ƙirƙiro shi a Holan. Hanya ɗaya ta samun daidaito ita ce a faɗaɗa ma'auni. A 'yar ƙaramar da'ira ta hannu, digiri ɗaya bai wuce kaurin farce ba. A wannan kuwa digiri ɗaya ya kai santimita 70, har ana iya raba shi gida 60 a ga kowane kashi da ido. Hasken rana yana shigowa ta wata kafa a sama da tsakar rana ya sauka a kan marmarar, a karanta. Da irin wannan haƙuri suka fitar da tsawon shekara: kwana 365 da awa 6 da minti 10 da daƙiƙa 8, wanda bai kauce wa ma'aunin yau da fiye da kimanin minti ɗaya ba. Suka kuma jera taurari 1,018 da matsayin kowane a kundin da aka kammala wajen 1437.

Muna nan sai ga ayarin 'yan makaranta da malamarsu, riƙe da zare da rula da burodin Samarkand, wanda yake zagayayye, mai nauyi, mai sheƙi. Taken bikin na 2024 shi ne wasa da lissafi, su kuma sun ɗauke shi da gaske. Kowane rukuni ya zagaya burodi da zare, ya auna faɗinsa ta tsakiya, ya raba na farko da na biyu. Wasu suka samu 3.1, wasu 3.2. Wani yaro ya samu 3.4 ya tsaya kai da fata cewa nasa ne daidai, burodin sauran ne ya karkace. Da malamar ta ji ni ma abin da nake koyarwa ke nan, sai ta ce da yaran su gaishe da ustoz, suka dafa ƙirji gaba ɗaya. Ta ba ni zare na auna nawa, na samu 3.15, aka tafa mini fiye da yadda na cancanta.

Wannan adadi, π, da ake kira fai, shi ya jawo aka zaɓi ranar. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 14 ga Maris a wurinsu 3/14 ne, farkon adadin ke nan. Wani masanin kimiyya mai suna Larry Shaw ne ya fara bikin a gidan kimiyya na Exploratorium da ke San Francisco a 1988. A Nuwamban 2019 babban taron UNESCO ya amince da shawarar Ƙungiyar Masana Lissafi ta Duniya, aka faɗaɗa ranar daga ta adadi ɗaya zuwa ta lissafi gaba ɗaya. Bikin farko a 2020 ya zo daidai da ɓarkewar korona, taron da aka shirya a Paris bai yiwu ba. Abin dariya, a makonnin nan ne duniya ta koma kallon jadawalin yaɗuwar cuta, mutanen da suka tsani lissafi a makaranta suna tambayar mutum nawa mai cuta ɗaya yake harba. A Uzbekistan 14.03 ake rubutawa, dabarar kwanan watan ba ta fita, amma yaran ba su damu ba.

Aikin da ya kawo ni na Jamshid Alkashi ne, mutumin Kashan ta ƙasar Farisa da Ulug Beg ya gayyato. A 1424 ya kammala risalarsa a kan kewayen da'ira. Dabarar tsohuwa ce, ta Arkimidis na Girka: ka zana siffa mai gefe da yawa a cikin da'ira, wata a wajenta, kewayen da'irar yana tsakaninsu. Arkimidis ya tsaya a gefe 96. Alkashi ya yi ta ninkawa har gefuna 805,306,368, da hannu, da tawada, yana fitar da saiwar adadi bayan saiwar adadi, yana kuma bin kowane mataki da gwaji don kada kuskure ya ɓuya. Ya fito da ninki biyu na fai daidai har gurbi 16 bayan ɗigo: 6.2831853071795865. Kafin shi Zu Chongzhi na Sin ya kai gurbi 7 a ƙarni na 5, Madhava na Indiya ya kai 11. Sai a ƙarshen ƙarni na 16 Ludolph van Ceulen ya wuce shi a Holan.

Kawu ya ce, "To wa ya aike shi? Me ya hana shi tsayawa a goma, ko ya zarce ashirin?" Tambayar da ta dace ke nan, kuma Alkashi ya amsa ta tun a farkon risalar. Ya ƙudurta cewa yana son ko da za a auna kewayen sararin samaniya gaba ɗaya, gwargwadon girman da masana zamaninsa suka ba shi, kuskuren kada ya kai kaurin gashin doki. Daga nan ya lissafa gefe nawa yake buƙata, sannan ya fara aiki. Wannan ne ya fi burge ni, fiye da yawan lambobin. Mutumin ya fara yanke iyakar kuskuren da zai lamunta, ya yi aikin da zai kai shi can, ya tsaya. Haka mai gina gada yake yi a yau, da mai auna maganin jariri, da mai hasashen damina. Injiniyoyin NASA da ke tura kumbo zuwa wasu duniyoyi gurbi 15 suke amfani da shi, wato abin da aka rubuta a Samarkand shekara 600 da suka wuce ya ishe su har da ragi. A 2022 kwamfutocin Google sun kai gurbi tiriliyan 100, amma wannan gwajin ƙarfin na'ura ne, ba wanda zai gina komai da shi.

Akwai wasiƙar da Alkashi ya rubuta wa mahaifinsa, inda ya ba da labarin cewa masu lissafi a Samarkand sun kai sittin ko saba'in, kuma sarkin da kansa yana warware lissafin matsayin rana a ka, yana bisa doki. Sarki ne ke ciyar da su, shi ke zama a darasinsu. Ƙarshen labarin kuwa muka gani da yamma a hubbaren Gur Amir, inda Ulug Beg yake kwance kusa da kakansa Taimur. A 1449 ɗansa Abdullaɗif ya kayar da shi, aka ba shi izinin tafiya Hajji, aka bi shi a hanya aka sare masa kai. Ɗan bai yi shekara a kan mulki ba shi ma aka kashe shi. Masanan suka watse. Ɗaya daga cikinsu, Ali Kushci, ya ƙare a Santanbul da ilimin a ƙirjinsa, kundin taurarin ya kai har Oxford inda aka buga shi a 1665, ginin kuma ya rushe har aka manta inda yake. Sai a 1908 wani Barashe mai suna Vyatkin ya gano wurin ta hanyar wata tsohuwar takardar waƙafi da ta ambaci iyakokin fili. Kabarinsa yana nan a tudun. Ina jin mutane suna alfahari cewa Musulmi ne suka ƙirƙiro lissafi, wasu kuma suna cewa kayan Turawa ne. Duka biyun ragwanci ne. Abin da na gani a Samarkand shi ne ilimin ya zauna muddin ana ciyar da masu yin sa, da aka daina ya yi gaba.

Mun sha ruwa a gidan da muka sauka. Uwar gidan ta kawo nishalda, wani farin abu mai kauri da zaƙi da ake bugawa da farin ƙwai da sukari da saiwar wani tsiro, wanda aka fi yin sa da azumi. Ana dangwala da burodi. Ta ce mana mehmon, wato baƙi, ta hana mu ɗaga ko kofi.

Bukhara awa ɗaya da rabi ce da ɗoriya a jirgin ƙasa, tashar kuma tana wajen gari. Kawu ya samu abin da yake so a nan, ya zauna da wani limami suka yi ta Larabci har na gaji na fita. Na je hasumiyar Kalon, wadda take tsaye tun 1127, da wata makarantar da Ulug Beg ya gina a 1417, wadda aka sassaƙa a ƙofarta cewa neman ilimi wajibi ne a kan Musulmi namiji da mace. A nan ne kuma Kawu ya kusa yin ɓarna. Yana riƙe da jadawalin shan ruwa da ya ɗauko daga Tashkent, lokaci ya yi a takarda, ya ɗauki dabino. Mai masaukin ya riƙe masa hannu ya nuna taga: rana ba ta faɗi ba. Ƙasar duka agogo ɗaya take bi, amma duniya tana juya digiri ɗaya ne a minti huɗu, Bukhara kuma tana yamma da Tashkent da kusan digiri biyar. Minti ashirin ke nan. Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya ɗaga mini hannu ya ce, "Na sani. Kada ka faɗa."

Hanyar Khiva ce wahalar tafiyar. Kilomita kusan 450 ne ta cikin hamadar Kizilkum, muka shiga motar haya ta mutum huɗu, farar Chevrolet irin wadda ta cika ƙasar, a kan kimanin dala 20 kowace kujera. Tukunyar gas ta cinye rabin but, don haka jaka ɗaya a cinyata ta yi tafiyar. Motocin da iskar gas suke aiki, kuma doka ce idan za a sha, fasinjoji su sauka tun daga bakin ƙofa su jira a nesa. Muka tsaya cikin iska mai yanka fuska, ga azumi, ga rairayi yana shiga ido. Wani ɓangaren titin sabon kankare ne, wani kuma ramuka ne da direba yake kauce musu da gudun da ya sa Kawu ya koma salati da ƙarfi. A shingen bincike ɗaya aka karɓi fasfo aka rubuta a littafi aka maido, ba wanda ya nemi komai. Hamadar ba tudun yashi ba ce zalla, ƙananan itatuwa ne busassu har iyakar gani, wani lokaci raƙumi mai tozo biyu.

Can gaba kogin Amu Darya ya ɓullo ta hagu, ƙetarensa Turkmenistan. Muka ratsa garin Beruniy, wanda aka sa wa sunan Albiruni, haifaffen yankin a 973, mutumin da ya auna girman duniya daga kan wani dutse a ƙasar da take Pakistan a yau, ya kuma rubuta littafi guda kan yadda za a fitar da alƙiblar birnin Gazna. Da muka hau gada, direban ya nuna kogin ya girgiza kai. Faɗin wurin ruwan ya fi ruwan yawa nesa ba kusa ba, tsibiran yashi ko'ina. Wannan kogi da ɗan'uwansa Sir Darya su ke ciyar da tekun Aral, wanda a 1960 ya kai murabba'in kilomita 68,000, na huɗu a tafkunan duniya. Gwamnatin Sobiyet ta karkatar da ruwan zuwa gonakin auduga, yau abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, jiragen kamun kifi suna zaune a kan yashi a Moynak. Lissafin ba mai wuya ba ne: abin da ke shiga, a ɗebe abin da rana ke ƙonewa. Waɗanda suka haƙa magudanan sun iya lissafi sarai, da shi suka haƙa su. Ya kamata masu jawabi a ranar 14 ga Maris su riƙa ambaton wannan tare da gadoji da wayoyin hannu, domin alƙalami ɗaya ne ya yi duka.

Mun isa Khiva gab da magariba, a nan kuma ratar da Tashkent ta kai minti 35. Tsohon garin, Ichan Kala, yana cikin ganuwar ƙasa, kuma shi ne wuri na farko a Uzbekistan da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya, a 1990. Aka ba mu shivit oshi, taliya koriya shar da aka kwaɓa da ganye, da miyar nama da kindirmo a gefe. Mun kwana a wata tsohuwar makaranta da aka mayar masauki, ɗakin ɗalibi ne, ƙofarsa sai an sunkuya.

A wajen ƙofar yamma mutum-mutumin Muhammad bin Musa Alkawarizmi yake, a zaune, ya duƙufa a kan takarda. Nisbarsa ce ta danganta shi da wannan yanki na Kawarizm, aikinsa kuwa a Bagadaza ya yi shi, zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekarar 820. Daga littafinsa aljabara ta samo suna. Na buɗo gabatarwar littafin da Larabci a waya na miƙa wa Kawu ba tare da na ce komai ba. A ciki marubucin ya bayyana cewa ya tattara abin da mutane ke buƙata ne a gadonsu da wasiyyoyinsu da rabonsu da shari'unsu da kasuwancinsu, da awon filaye da haƙar magudanan ruwa. Kawu ya gyara tabarau ya karanta, ya ja shafin ƙasa, ya tarar kusan rabin littafin mas'alolin wasiyya ne da gado. Ya daɗe yana ja. Sannan ya ce, "Ashe ɗan sana'armu ne."

Muka zauna a dakalin da ke wurin, ya ce bari ya gwada ni. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Na ɗauki 24: mata sumuni, 3, 'ya'ya sulusi biyu, 16, uwa da uba sudusi-sudusi, 4 da 4. Na tara na samu 27. Na ce rabon ya fi dukiyar. Ya yi dariya ya ce shi ya sa ake yin auli, a mayar da asalin 27, kowa ya ragu gwargwadon rabonsa, sumunin matar ya koma tusu'i. Ni kuma na ba shi ta Alkawarizmi: wani adadi, in an ninka shi da kansa aka ƙara masa ninkinsa goma, ya zama 39. Na zana murabba'i a bayan tikiti, na manna masa dogayen siffofi biyu masu faɗin biyar-biyar, kusurwa ɗaya ta rage fanko. Kawu ya duba ya ce fankon biyar sau biyar ne, 25, a haɗa da 39 ya zama 64, gefensa takwas, a cire biyar saura uku. Bai ɗauki minti biyu ba. Na ce to ai x ɗin ke nan. Ya ce a'a, bawan Allahn nan da magana da zane ya yi bayani kowa ya gane, mu ne muka zo muka cika abin da haruffa don yara su tsorata. A kan cewa babu alama ko ɗaya a littafin, gaskiyarsa ne. A kan sauran, mun yi ta musu har cikin Masallacin Juma'a mai ginshiƙan itace sama da 200, inda mai gadi ya roƙe mu mu rage murya.

Garin ya fara shirin Navruz, bikinsu na sabuwar shekarar gargajiya na 21 ga Maris, ana share tituna ana shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, amma tikitinmu bai bari mun jira ba. Motar lantarki mai bin waya ta kai mu Urgench a hankali, tana tsayawa kowane ƙauye, daga can muka hau jirgi zuwa Tashkent. A wurin fita na miƙa fasfo da takardun kwanan da na adana a ambulan, jami'in ya ɗauki fasfon ya bar mini ambulan ɗin. Duk da haka wanda zai je ya adana nasa. Ya kuma sayi tikitin Afrosiyob makonni kafin tafiya, domin yana ƙarewa da wuri, kuma idan da dattijo zai yi tafiyar, tsakanin Bukhara da Khiva ya nemi jirgin ƙasa ya bar motar haya.